Kogon La Cotte da ƙungiyar da ta riƙe shi: nazarin aikin Société Jersiaise a tsibirin Jersey

Tsibirin Jersey ƙarami ne, girmansa bai wuce murabba'in kilomita 120 ba. Yana cikin mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Faransa ce maƙwabciyarsa ta kusa, don kilomita 22 ne kacal tsakaninsa da gaɓar Normandy, amma yana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, da majalisarsa da dokokinsa na kansa. Galibin waɗanda suka san sunansa sun san shi ne ta bankuna, ko shanun madara, ko dankalin Turawa. Masu binciken kufai kuwa sun san shi ta wani kwazazzabo da ke kudu maso yammacinsa, a ƙarshen gaɓar Ouaisné, inda wani ƙaton dutse ya miƙe cikin teku ya tsage. Sunan wurin La Cotte de St Brelade. An fitar da kayan aikin dutse fiye da 200,000 daga cikinsa, kuma a duk tsibiran Birtaniya babu wurin da ya adana tarihin mutanen dauri da ake kira Neanderthal mai tsawo kamar nasa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan wuri a matsayin abin nazari shi ne hannun da ya riƙe shi. Fiye da shekara ɗari ke nan jami'o'i na zuwa suna tafiya, masana na faɗin ra'ayi wasu na zuwa suna rushewa, amma ƙungiya guda ta mutanen gari, Société Jersiaise, tana nan daram a wurin. A ganina babban abin da ta yi wa ilimi ya fi tonon da ta yi da hannunta: ta mallaki ƙasar, ta ajiye abin da aka fitar, ta rubuta abin da aka gani, ta yadda duk wanda ya zo da sabuwar tambaya zai tarar da abin da zai tambaya.

Darasin 1785

Kafin a gane amfanin ƙungiyar, sai an san abin da ya faru lokacin da babu ita. A shekarar 1785 sojoji suna baje wani tudu da ke saman garin St Helier, mai suna Mont de la Ville, don su sami filin fareti, sai suka ci karo da wani tsohon kabari na manyan duwatsu, irin wanda manoman farko na wannan yanki suka riƙa ginawa shekaru dubbai da suka shige. Hukumomin garin suka ga babu kyautar da ta fi wannan dacewa da gwamnansu, Janar Henry Seymour Conway. Aka kwance duwatsun ɗaya bayan ɗaya, aka loda su a jirgin ruwa, a 1788 aka sake jera su a gidan gonarsa da ke kusa da Henley, a bakin kogin Thames a Ingila. Har yau suna can. Tudun da aka ciro su kuwa daga baya aka gina masa sansanin soja na Fort Regent.

Duwatsun ba su ɓata ba, kowa na iya ƙirga su. Abin da ya ɓata shi ne duk abin da ke kewaye da su: ƙasar da ta rufe su, abin da ke kwance a tsakaninsu, inda ƙofar ta fuskanta dangane da rana da teku. Wannan asara ba ta da gyara.

An kafa Société Jersiaise a 1873. Manufarta nazarin tarihin tsibirin da harshensa da tsirrai da dabbobi da duwatsunsa, da kuma kare kayan tarihinsa. Membobinta lauyoyi ne da limaman coci da likitoci da malaman makaranta da masu gonaki, mutanen da ke da wata sana'ar da suke ci da ita, binciken kuwa sha'awa ce. Tun 1875 take fitar da mujallarta ta shekara-shekara, a 1893 kuma ta sami gidan da ta mayar gidan adana kayan tarihi a titin Pier Road. Tsarinta rassa ne: akwai reshen kufai, akwai na tsuntsaye, akwai na tsirrai, akwai na tarihin iyalai, kowanne da taronsa da fitarsa daji. Tana da ɗakin karatu da rumbun tsofaffin hotuna, kuma za mu ga amfanin wannan rumbu a gaba.

Dabarar da ta ɗauka tun da wuri ita ce saye. Idan wuri yana da muhimmanci, sai ta nemi ya zama mallakinta. Misali mafi shahara shi ne La Hougue Bie, wani tudu da mutane suka tara da hannu, tsayinsa mita 12, da ƙananan majami'u biyu na ƙarnonin tsakiya na tarihin Turai a kansa. Ƙungiyar ta saye shi a 1919, ta tona a 1924, ta tarar da kabari mai dogon lungu a ƙarƙashi, tsawonsa kusan mita 19, wanda aka gina kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Lungun gajere ne ƙwarai, sai mutum ya duƙa yake shiga, sai ya kai ɗakin ciki sannan zai iya miƙewa. A ranakun da dare da yini suke daidaita, sau biyu a shekara, hasken fitowar rana na bi ta lungun ya kai can ƙuryar ɗakin. Da an kwashe waɗannan duwatsu kamar na Mont de la Ville, da ba wanda zai taɓa sanin haka.

Sai dai a wannan aikin ma ƙungiyar ta yi ɓarna. Akwai wata hasumiya da aka gina a kan tudun a ƙarshen ƙarni na 18, ana ce mata Hasumiyar Yarima. A 1924 aka rushe ta don a fito da majami'un da kabarin. A wancan lokaci gini mai shekara ɗari da 'yan kai bai kai a kira shi tarihi ba a idonsu. Yau da tana nan, da doka ta kare ta.

Tsibirin da ba kullum yake tsibiri ba

Duk labarin La Cotte ya rataya ne a kan abu guda: teku ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A zamunnan tsananin sanyi, ruwa mai yawa yakan daskare ya zama ƙanƙara a arewacin duniya, sai teku ta ja baya, wani lokaci ta sauka da fiye da mita ɗari. A irin wannan lokaci Jersey ba tsibiri ba ne, tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai a tsakiyar wani fili mai ciyawa da ya haɗe da Faransa. Giwaye masu gashi da ake kira mamot, da karkanda mai gashi, da dawakan jeji, duk suna kiwo a inda jiragen ruwa ke bi yanzu. Idan duniya ta ɗumama, ƙanƙara ta narke, ruwa ya dawo ya yanke tudun. Haka aka yi ta yi, sau da dama.

Akwai shaida mai ban mamaki a kan wannan a arewacin tsibirin, a kogon Belle Hougue. An sami ƙasusuwan wata irin barewa ta Turai da ruwa ya tsare a Jersey kimanin shekara 125,000 da suka wuce. Masanin dabbobin dauri Adrian Lister ya nuna a 1989 cewa cikin ƙasa da shekara 6,000 jikinsu ya ƙanƙance har nauyinsu ya koma kashi ɗaya cikin shida na 'yan'uwansu na babban yanki. Ana ganin ƙarancin abinci da rashin namun da ke farautarsu ne suka yi wannan aiki.

Ko yau mutum na iya ganin ɗan samfurin abin da ido. Tsakanin cikar teku da janyewarta a Jersey yakan kai mita 12, yana cikin mafi girma a duniya. Idan ruwa ya janye a kudu maso gabas, sai wata ƙasa ta duwatsu da kwaruruka da yashi ta bayyana, mai nisan kilomitoci, bayan 'yan sa'o'i ruwa ya sake haɗiye ta.

Su mutanen Neanderthal da suka riƙa zama a La Cotte, mutanen dauri ne da suka rayu a Turai da yammacin Asiya, suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Kakkaura ne, masu tudun gira, gwanayen fiƙe dutse da farauta, kuma suna hura wuta. Sun yi ta komawa wannan kwazazzabo tun fiye da shekara 200,000 da suka shige. Idan sanyi ya yi tsanani su bar wurin, iska ta kwaso ƙura mai laushi ta rufe abin da suka bari, duwatsu su gangaro daga sama su danne. Idan yanayi ya yi sauƙi wasu su dawo su zauna a kan wannan. Kamar juji ne na tsohuwar unguwa: na ƙasa ya riga na sama zuba, kuma mai haƙuri zai iya karanta rayuwar gidan daga abin da aka zubar. Bambancin kawai shi ne wannan tarin ya ɗauki fiye da shekara dubu ɗari yana hawa.

Tonon farko

A 1881 aka fara tsintar fiƙaƙƙun duwatsu a wurin. Aikin sosai ya fara a 1910, ƙarƙashin membobin ƙungiyar biyu, E. T. Nicolle da Joseph Sinel. Wurin aiki ne mai wuya. Babu hanyar kirki, sai a bi gaɓa lokacin da ruwa ya janye ko a gangaro ta kan dutse, kuma tarin baraguzai na rataye a saman kan masu tono. Da diga da shebur aka yi aikin.

A 1910 da 1911 suka sami abin da ya fitar da sunan wurin duniya. Sun tarar da murhu, wato wurin da toka da gawayi suka nuna an daɗe ana hura wuta, ga kayan aikin dutse warwatse. A bayan murhun, a kan wata 'yar baranda da dutse ya yi, sai ga haƙora goma sha uku wuri ɗaya. Ƙashin muƙamuƙin ya riga ya narke, don ƙasar Jersey mai tsami ce, tana cin ƙashi. Haƙori ne kawai ya iya jurewa. Aka kai su ga masanin ƙirar jiki Arthur Keith a Landan, ya tabbatar na Neanderthal ne, musamman saboda saiwoyin turamen, waɗanda suka haɗe suka yi kauri maimakon su rarrabu kamar namu.

Daga nan R. R. Marett ya karɓi ragama. Shi ɗan Jersey ne kuma malami a Jami'ar Oxford, don haka ya zama gada tsakanin ƙungiyar da manyan masana na Ingila, ya kuma samo kuɗin aiki daga can. Ya yi tono mai yawa a 1914 da 1915, har wani ɓangare na dutsen sama ya rufto a 1915 ya tsayar da aikin.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan wannan zango. An kwashe ƙasa mai yawa cikin gaggawa, kuma bayanin inda aka sami kowane abu bai kai yadda ake buƙata a yau ba. Tono ba ya maimaituwa, abin da aka kwashe an kwashe. Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa duk ƙasar da ke ɗauke da zamanin ƙarshe na Neanderthal a La Cotte ta tafi a wannan lokaci. Ba na ganin adalci ne a auna mutanen 1910 da ma'aunin yau, amma ba na kuma ganin daidai ne a ɓoye abin da aka rasa. Abin da ya rage musu nauyi shi ne sun buga rahoto a mujallarsu, sun ɗauki hotuna, sun kai kayan gidan ajiya maimakon kowa ya tafi da rabonsa gida.

Fada Burdo da McBurney

Wanda ya gano cewa labarin ya fi haka zurfi wani limamin Katolika ne Bafaranshe, Fada Christian Burdo, wanda ya zauna a Jersey ya kuma yi aiki da ƙungiyar. Ya fara tono a La Cotte a 1936. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shi, don sojojin Jamus sun mamaye tsibirin daga 1940 zuwa 1945, har suka haƙa maɓoyar soja a jikin tudun La Hougue Bie. Bayan yaƙi ya koma, ya nutsa ƙasa da inda na farko suka tsaya, ya tarar da wasu shimfiɗun ƙasa cike da kayan aiki waɗanda suka girmi na sama da shekaru masu ɗimbin yawa. A tsakiyar shekarun 1950 ƙungiyar ta sayi wurin ya zama nata.

Wannan saye shi ne ya ba da damar abin da ya biyo baya. Daga 1961 zuwa 1978 Charles McBurney na Jami'ar Cambridge, wanda ya riga ya yi suna da tonon kogon Haua Fteah a Libiya, ya riƙa zuwa da ɗalibansa. Cikin ɗaliban da suka yi aiki a ramin a 1968 har da Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, lokacin yana karatu a Cambridge. Babu jami'ar da za ta zuba shekara goma sha bakwai a filin da mai shi zai iya canza ra'ayi gobe. McBurney ya rasu a 1979 bai ga an buga sakamakon ba; Paul Callow da Jean Cornford ne suka kammala suka fitar a 1986.

Tawagarsa ta fitar da kayan dutse kusan 100,000, kowanne da bayanin shimfiɗar da ya fito. Daga wannan tsari aka ga wani abu da ni ya fi burge ni a duk labarin. Dutsen ƙyastu, wanda ya fi kowane dutse daɗin fiƙewa, babu shi a ƙasar Jersey. Sai dai a tsince shi a bakin teku, inda igiyar ruwa ke fito da shi daga wuraren da yanzu suke ƙarƙashin ruwa. To idan teku ta ja baya da nisa, gaɓar da ake tsintarsa ta yi nisa ita ma. A shimfiɗun da suka dace da irin wannan lokaci sai aka ga ƙyastu ya ragu, mutanen sun koma amfani da farin dutse da sauran duwatsun da ke kusa, ɗan ƙyastun da ke hannunsu kuwa suna ta wasa shi suna sake wasawa har ya zama ɗan mitsitsi. Akwai ma wata dabara tasu ta cire siririn ɓawo a gefen wuƙar dutse don bakin ya sake kaifi. Tattali ne na mai abu kaɗan, kuma ana iya bin hawa da saukar teku ta cikinsa.

Gardamar tarin ƙasusuwa

Abin da ya fi shahara daga tonon McBurney tarin ƙasusuwa ne guda biyu, a shimfiɗu biyu daban, jingine da bangon dutse a ƙarƙashin rumfar kogon. Gaba ɗaya sun ƙunshi ragowar mamot aƙalla 18 da karkanda 5. Ba a warwatse suke ba. An jera kawuna, an jingina ƙasusuwan kafaɗa, an fasa wasu ƙoƙunan kai, ga alama don a ciro ƙwaƙwalwa. Ƙurar da iska ta kawo ta rufe su da wuri, shi ya sa ƙasa ba ta cinye su ba.

Katharine Scott, wadda ta yi nazarin ƙasusuwan, ta kawo bayani a 1980: mafarauta ne suka koro garke ta saman dutsen, dabbobin suka rufto cikin kwazazzabon, aka fede su a inda suka faɗi. Bayanin yana da hujja. Ƙasusuwan manya ne masu nauyi, wa zai ɗauko kan giwa daga nesa? Kuma yana nuna cewa Neanderthal suna iya shirya farauta ta haɗin gwiwa, a lokacin da mutane da yawa ke musu kallon dabbobi. Labarin ya shiga littattafan makaranta, masu zane suka yi ta zana giwaye na faɗowa daga kan dutse.

A 2014 wata tawaga da ta haɗa da Beccy Scott da Matt Pope da Martin Bates ta sake duba lamarin ta wata fuska. Maimakon su tsaya a kan ƙasusuwan, sai suka tambayi yadda ƙasar take a wancan lokaci. Suka yi amfani da taswirar ƙasan teku da na'urori suka auna a gaban kogon. Abin da ya fito shi ne ƙasa mai kwaruruka da tsaunukan dutse da lunguna marasa mafita, kuma La Cotte na tsaye a kan ɗaya daga cikinsu yana kallon filin. Saman dutsen da aka ce an koro garken kuwa tudu ne mai gargada, wanda sai an hau da dabbobin wani hayi, an gangara, an sake hawa kafin a kai bakin ramin. Da wuya giwa ta yarda a bi da ita nan. Suka ce abin da ya fi kusa da hankali shi ne an yi farautar a ƙasa, cikin waɗannan kwaruruka inda dabba ba ta da wurin gudu, aka kawo sassan da ake so cikin mafakar. Sun kuma lura cewa akwai ƙonannen ƙashi da yawa a sauran shimfiɗun, alamar ana hura wuta da shi a ƙasar da itace ya yi ƙaranci, don haka mai yiwuwa tarin biyu su ne ragowar zaman ƙarshe kafin sanyi ya kori mutanen ƙura ta rufe.

Ni na fi karkata ga bayani na biyu, saboda ya yi la'akari da cewa mai tsayawa a La Cotte yau yana kallon teku, alhali mutanen da suka zauna a wurin suna kallon fili ne. Amma ba na ganin na farkon ya zama abin dariya; da shi aka fara ɗaukar waɗannan mutane da muhimmanci. Abin lura ga wannan nazari shi ne yadda aka iya yin gardamar tun farko. Fiye da shekara talatin bayan an ɗaga ƙasusuwan, suna nan a ajiye, da zanen yadda kowanne ya kwanta, da littattafan aikin masu tono. Kwazazzabon ma yana nan, ba a fasa shi an sayar da dutsen ba, ba a gina otal a kansa ba.

Haƙoran sun sake magana

Haka ya faru da haƙoran nan na 1910 da 1911. Sun shekara fiye da ɗari a ajiye, kowa ya ɗauka an gama da su: mutum ɗaya ne, Neanderthal ne. A 2021 masana daga Gidan Tarihin Halittu na Landan da wasu jami'o'i, cikinsu har da Tim Compton da Chris Stringer, suka buga sabon nazari bayan sun ɗauki hoton cikin haƙoran da na'ura. Suka gano ɗaya daga ciki ba na mutum ba ne ma. Sauran na manya ne aƙalla biyu. Girmansu da saiwoyinsu na Neanderthal ne sak, amma wuyan haƙorin, inda kai ya haɗu da saiwa, da rashin wasu alamomi da aka saba gani, sun yi kama da na mutanen yau. Masu nazarin suka ce wannan na iya nuna cewa mutanen suna da kakanni daga ɓangarorin biyu. Sun faɗe shi a matsayin mai yiwuwa, kuma haka ya kamata a riƙe shi, ko da yake binciken ƙwayoyin gado a wasu wurare ya riga ya tabbatar da cewa an yi auratayya tsakanin jinsunan biyu.

Shekarun haƙoran sun fito ne daga wani aiki na daban. A farkon shekarun 2010, masu bincike da suka koma duba wurin suka tarar cewa ƙasar da aka ɗauka an kwashe tun zamanin Marett ba ta ƙare ba, akwai sauranta mai kauri a reshen yamma na kwazazzabon. Suka auna ta da wata hanya da ke nuna lokacin da ƙwayar yashi ta ga hasken rana na ƙarshe kafin a binne ta. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna wani sashe yana da kimanin shekara 47,000. Da aka haɗa wannan da tsofaffin rahotanni da hotunan da ke nuna tsayin da aka sami haƙoran, sai aka ga ba su kai shekara 48,000 ba. Ke nan suna cikin Neanderthal na ƙarshe-ƙarshe a arewa maso yammacin Turai, a daidai lokacin da mutane irinmu suka fara shigowa nahiyar. Hoton da wani memba ya ɗauka don tarihi kawai, shi ne ya zama ma'auni bayan ƙarni guda.

Rabon aiki da matsalar teku

Yau ƙungiyar ba ita kaɗai ke ɗauke da nauyin ba, kuma ba za ta iya ba. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar Jersey Heritage, wadda ke samun tallafin gwamnati, tana kula da gidajen tarihi da wurare irin su La Hougue Bie. Tsarin da aka zauna a kai kusan ƙafa uku ne: ƙungiyar na da mallaka da tsohuwar ajiya da 'yan sa-kai, hukumar na da ma'aikata da kuɗin gudanarwa, jami'o'i da gidajen tarihi na Birtaniya na kawo ƙwarewa da na'urori. Da wannan haɗin aka yi shirin binciken zamanin ƙanƙara na tsibirin daga 2013, wanda ya tona wani wuri mai suna Les Varines a kudu maso gabas. Wani mai sha'awa da ke bin gonaki yana duba ƙasa bayan an yi huɗa shi ya fara lura da duwatsun wurin. Aka tarar da zangon mafarauta na kimanin shekara 15,000, da murahu, da gutsattsarin faifan dutse guda goma masu zane-zane, waɗanda aka buga bayaninsu a 2020. Masanin da ke zuwa na mako uku a shekara ba zai taɓa ganin abin da mazaunin da ke bin gona ɗaya bayan kowane ruwan sama yake gani ba.

Akwai wata ƙa'ida da masu wannan ilimi suka koya da tsada: idan babu dole, a bar wani sashe ba a tona ba, don na baya za su zo da dabarun da suka fi na yanzu. La Cotte ya gaskata ta, tunda ƙasar da ta tsira daga digar 1915 ita ce ta ba da shekarun haƙoran. Amma a nan ƙa'idar ta ci karo da teku. Reshen yamma a buɗe yake ga igiyar ruwa, kuma duk guguwar hunturu sai ta yagi wani abu daga gindin tarin, duwatsun sama kuma na barazanar ruftowa. Takardar mallaka tana hana mai gini da mai fasa dutse, ba ta hana ruwa. Barin wurin yadda yake, a wannan hali, daidai yake da miƙa shi.

Shi ya sa aka ɗauki matakin injiniya mai tsada, wanda ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar sa-kai. Jersey Heritage ta jagoranci gina katanga a bakin kwazazzabon don ta karya ƙarfin igiya, aka ɗaure fuskar dutsen da ƙusoshin ƙarfe da raga, sannan a 2019 tawagar Matt Pope ta Kwalejin Jami'ar Landan ta koma tono. Yanzu da hular kwano ake shiga. Ana kankare ƙasa da ƙaramin cokalin magini, ana auna matsayin kowane gutsure da na'ura kafin a ɗaga shi, ana tankaɗe abin da aka kwashe don kada ɗan ɓawon dutse ko haƙorin ɓera ya wuce, tunda irin ɓeran da ya rayu a wuri na nuna sanyin lokacin. Abin da ma'aikatan Marett za su kwashe a yini ɗaya yana iya cin wannan tawaga zangon aiki guda. Burinsu su gangara a hankali har su kai shimfiɗar da ta yi daidai da barandar da aka tsinci haƙoran, su ga irin kayan aikin da ke tare da ita, domin har yanzu wannan ne zai nuna ko su wane ne suka hura wutar murhun nan.